Me za mu kira "find and replace" da Hausa? Ni na tsaya a kan "nemo ka maye gurbi"

1/ Jama'a, ina neman shawararku a kan kalma guda. Muna koya wa wasu matasa a nan Katsina yadda ake gyara fayilolin bayanai ta layin umarni, wato baƙin allon nan da ake buga umarni da hannu. Da muka iso kan abin da Turawa ke kira find and replace sai aji ya rabu. Wannan ya ce "canji", wancan ya ce "musanya", wani ya ce a bar shi da Turancinsa. Ba ko ɗaya da ya kwanta mini.

2/ Bari in fara nuna aikin, don kada mu raɗa wa abu suna ba mu ga fuskarsa ba. Ɗauki fayil ɗin CSV, wato jadawalin bayanai a rubutu zalla, na magidanta daga ƙananan hukumomi 34 na jihar nan. Kowane layi mutum ɗaya, waƙafi ne ke raba suna da gari da sauran bayani. Hannu da yawa ne suka shigar da shi, don haka wani ya buga Funtua, wani Funtuwa, wani Jibia, wani Jibiya. Idan ka ce kwamfuta ta ƙirgo maka mutanen Funtuwa, za ta ba ka rabi, domin a wajenta garuruwa biyu ne. Maganinsa layi ɗaya ne da sed, wato manhajar gyara rubutu ta layin umarni:

sed 's/Funtua/Funtuwa/g' magidanta.csv

Harafin s da ke bayan kalmar sed shi ne umarnin, na tsakiya abin da ake nema, na gabansa abin da zai shiga wurinsa. Shi kuma g na ƙarshe yana cewa duk inda aka gani a cikin layi. Idan ka bar shi, na farko kaɗai zai taɓa a kowane layi ya wuce.

3/ Wannan sed ɗin ba yaro ba ne. Lee McMahon ya rubuta shi a Bell Labs da ke Amurka tsakanin 1973 da 1974, kuma har yau yana cikin Linux da kwamfutocin Mac. Ɗalibanmu da ba su da kwamfuta ma suna buga shi a waya ta cikin Termux, manhajar da ke ba waya layin umarni. Abin da ya haura shekara hamsin yana aiki ya cancanci suna a harshenmu.

4/ Ɓangaren farko bai ba mu wahala ba. "Bincike" ya yi nauyi, aikin ɗan sanda ne ko na ɗalibin jami'a. "Lalube" kuma nema ne a cikin duhu, alhali kwamfuta ba ta lalube, ta san abin da take so harafi da harafi. "Nemo" ya fi "nema" a wajen ba da umarni, domin wanda aka ce ya nemo, ana jiran ya dawo da abu a hannu.

5/ A ɓangare na biyu ne gardamar take. Wani malamin Hausa daga Daura ya aiko mini cewa "musanya" ce ta fi daɗin faɗa. Gaskiya ne Malam, ta fi daɗi, amma ina ganin za ta yaudari mai koyo. Idan na musanya hulata da taka, tawa tana kanka, taka tana kaina, babu wadda ta ɓace, gobe ma sai mu mayar. A sed kuwa tsohuwar kalmar ba ta koma ko'ina ba. Ta tafi ke nan. "Canza" da "sauya" kuma sun yi faɗi da yawa: ƙara waƙafi canji ne, goge layi canji ne, sake jera sunaye ma canji ne. Ba su gaya maka cewa abu ya fita wani ya shiga daidai wurinsa ba.

"Maye gurbi" ce kaɗai ta faɗi wannan. Gurbi wuri ne da wani ya bari. Duk Bahaushen da ya ji an ce wane ya maye gurbin wane, ya san na farkon ba ya kan kujerar kuma.

6/ Ba don ƙawa nake dagewa a kan wannan ba. A Word idan ka danna Ctrl+H ka yi ɓarna, Ctrl+Z na nan ya cece ka. A layin umarni, matuƙar ka ƙara -i, sed zai rubuta sabon a kan fayil ɗinka, kuma ba maɓallin komawa baya. Ku dubi wannan da kyau, musamman ku mutanen Daura. A gurbin ƙarin bayani an yi ta buga "an daura masa aure bana" ba tare da ƙugiya ba. Mai gyara ya so ya taimaka, sai ya buga:

sed -i 's/daura/ɗaura/gI' magidanta.csv

Wannan I ɗin yana nufin kada a bambanta babban harafi da ƙarami. Auren ya gyaru, amma duk wani magidanci da garinsu Daura ne yanzu garinsu ya koma "ɗaura". Kuma ba za ka iya juya umarnin kawai ka mayar ba, domin garin da ɗaurin auren sun zama kalma ɗaya, kwamfuta ba ta san wanne ne wanne ba. Haka "kasa" take: ka ce duk a mayar da ita "ƙasa", sai wanda ya kasa biyan kuɗin taki ya zama ya ƙasa biya.

Yaron da aka koya masa cewa "musanya" yake yi zai ɗauka tsohon yana ajiye a wani wuri. Wanda aka ce masa gurbi yake mayewa zai tsaya ya tambaya: wa zan tayar daga nan?

7/ Shi ya sa a aji muke bin hanya uku kafin a taɓa fayil. A fara da grep -n don a ga layukan da abin zai shafa da lambobinsu. Sannan a buga sed ba tare da -i ba, zai zubo sakamakon a allo kawai, fayil na nan yadda yake. In ido ya gamsu sai a buga -i.bak, wanda zai ajiye kwafin tsohon fayil a gefe kafin ya yi gyaran.

8/ Wata 'yar'uwa da ke aikin shigar da bayanai ta tambaya: to shi abin da ake sakawa a tsakiya fa, idan ba kalma ba ce tsararriya? Tambayarki ta yi kyau, Hajiya. Dutsinma kan fito iri uku, da karan ɗori, da tazara, da kuma a haɗe. Maimakon umarni uku sai a ce:

sed -E 's/Dutsin[- ]?[Mm]a/Dutsinma/g' magidanta.csv

Ma'ana: Dutsin, sai ƙila karan ɗori ko tazara ko ba komai, sai m babba ko ƙarami, sai a. Wannan shi ne abin da masana ke kira regex, wanda asalinsa ya fito daga aikin masanin lissafi Stephen Kleene a shekarun 1950. Ni "kamanni" nake kiransa. Kamar mai cigiyar akuya ne a kasuwa, ba suna yake faɗa ba, cewa yake ja ce, da fari a goshi, kunne ɗaya a tsage, duk wadda ta dace da wannan a kawo ta. Idan kamannin ya yi sako-sako, akuyar maƙwabci ma za a kawo maka.

9/ Masu tsofaffin rubuce-rubucen da aka buga q da x da v a madadin ƙ da ɗ da ɓ, ku ma wannan aikin naku ne. Umarnin sed na y/qxvQXV/ƙɗɓƘƊƁ/ zai maye gurbin kowane harafi da takwaransa, muddin fayil ɗin da kwamfutar suna kan UTF-8, wato tsarin adana haruffa da ya san masu ƙugiya. Sai dai ku duba adireshin imel da sunaye irin su Excel tukuna, don su ma ba zai ƙyale su ba.

10/ Saboda haka ga abin da nake ba da shawara. A umarni: "nemo ka maye gurbi". A matsayin sunan darasi: "nema da maye gurbi". A jimla: nemo Jibia ka maye gurbinta da Jibiya.

Ɗalibai sun so a gajarta shi ya koma "nemo-maye" don ya shiga bakin mutane da sauri. Na ƙi, domin a rubuce ba ma nuna karin sauti, mai karatu zai iya ɗauka maye na maita ake nema, ko na abin sha. Dole "gurbi" ta tsaya. Idan akwai wanda ya san gajeriyar kalma a Dauranci ko a bakin tsofaffinmu na karkara da ke nufin tayar da abu a dasa wani a wurinsa, don Allah ya ajiye mana ita a ƙasa, za mu gwada ta a aji.