Degel da Alƙalawa a Bakin 'Yan Ikko

Mai Albasa, Mile 12:
Sallama gare ku mutanen Ikko,
Ku ba ni fili, ni za ni yi farko.
Degel nika nufi, ƙasar Gwadabawa,
Ƙauye ne, ba birni ba mai ganuwa.
Nan Shehu Usmanu yaz zamna karantarwa,
Almajirai na zuwa babu yankewa.
Mahaifinai Fodiyo can yake kwance,
Masu ziyara sun san zance.

Bakano, Agege:
Malam Mai Albasa, rage hayaniya,
Wa ya san Degel a faɗin duniya?
Mu ga Dala, ga Kurmi kasuwa,
Kai me za ka nuna wa baƙo in ya zo ganewa?

Mai Albasa:
Bakano, zamna ka sha labari,
Nafata Sarkin Gobir shi yat tada gari:
Ya hana rawani, ya hana mayafi,
Wai don jama'ar Shehu su rasa ƙarfi.
Yunfa ya hau, abin ya ƙazanta,
A 1804 hijira ta wajabta.
Fabrairu sunka bar Degel zuwa Gudu,
Yuni, Tafkin Kwatto, rundunoni sunka haɗu.
Tutar da tak kori Sarki Alwali daga Kano,
Tambayi kakanka inda anka karɓo!

Bagobiri, Alaba Rago:
A'a ɗan'uwa, kar ka ci zalin Gobir,
Ba a labarin Degel a tsallake Gobir.
Bawa Jangwarzo ya san darajar malami,
Ya tara malamai ran Idi a Magami.
Ya miƙa dukiya, Shehu ya ƙi karɓa,
Izinin wa'azi ya nema, Bawa bai hana ba.
Alƙalawa tamu, babban birnin Gobir, gefen gulbin Rima,
1808 ta faɗi, da ita da Yunfa ma.
Yau kufai ne, sai gonaki da makiyaya,
Amma kirarin Bawa bai koma baya.


Hajiya Mai Abinci, Idi-Araba:
Ku maza ba ku da zance sai yaƙi,
Kun bar mata a baya kamar baƙi.
Nana Asma'u a Degel aka haife ta,
1793, ku riƙe shekararta.
Larabci, Fulatanci, Hausa ta rubuta,
Ta naɗa jajis, mata malamai, da malfa, su bi ƙauyuka.
'Yan taru ke nan, ilimi har cikin ɗaka,
Sai ku ce min wane takobi ya yi haka?

Bakano:
Hajiya, na sallama, kin gama magana,
Amma Mai Albasa, saura tambaya guda:
In na je gida da Sallah bana,
Ta ina ake bi? Kar ka ce min sai da jaki.

Mai Albasa:
Jaki na kai kaya Kurmi, ba mu ba,
Hau motar Illela daga Sakkwato, ba wuya ba.
Wuce Kware, Gwadabawa ka sabka,
Tambayi 'yan kabu-kabu, su kai ka.
Ka zo da goro, ban da cika baki!