Yaƙin Hastings: hotuna zan buga ko fili zan fitar da yara?

Malama_Tarihi: Salamu alaikum. Ranar Laraba zan koyar da yaƙin 14 ga Oktoba 1066, ina so yara su kwatanta rundunar Harold, sarkin Ingila, da ta Wiliyam na Normandi. Ajin cike yake, minti arba'in gare ni, kuma ba wuta. In buga hotunan ƙyallen Bayeux mai nuna labarin yaƙin, ko in raba yaran gida biyu a fili?

Abban_Ilham: Saka musu bidiyo a majigi kawai, Malama.

Tsohon_Malami: 'Yata, kada ki fitar da su. Na taɓa yi. Na jera rabin aji a kan tudu da murafan tukwane, su ne katangar garkuwar Ingilishi. Sauran na ce su yi ƙaryar gudu su juyo, yadda mahayan Normandi suka yi. Wani yaro ya kwaɗa wa ɗan'uwansa karan dawa a gira, jini har kan riga. Uban ya zo yana zagina gaban ɗalibai, shugaban makaranta ko uffan bai ce ba, ƙarshen wata kuma aka cire kuɗin magani daga albashina. Har yau abin na ci mini rai.

Dan_Zazzau: Ai yaron saura kaɗan ya zama Harold, wanda aka ce kibiya ta same shi a ido 😂

Maman_Sadik: Allah ya huci zuciyarka, Baba. Malama, buga mai launi naira 300 ne shafi.

Abban_Ilham: A ina? Jiya 600 na biya.

Malam_Gobir: Ki ja layi a allo ya isa. Harold: dakarun gidan sarki masu manyan gatura da mayaƙan gayya, duk a ƙasa suke faɗa, ga gajiya, don sun gama da Hardrada, sarkin Norway, a Stamford Bridge ranar 25 ga Satumba suka nufo kudu. Wiliyam: 'yan baka, dakaru da barade. Sai ki tambaye su me ya sa a Tabkin Kwatto a 1804 'yan baka suka rinjayi dawakin Gobir.

Tsohon_Malami: Kai a jami'a kake, Malam. Yaushe rabonka da ajin sakandare?

Malam_Gobir: Baba, daga can na fara.

Maman_Sadik: Ni abin da ke damuna, me ya sa Malama za ta biya daga aljihunta? Mu ko alli sai mun yi karo-karo, albashin watan jiya ma bai shigo ba.

Dan_Zazzau: Namu ma shiru. Ku wace jiha ce?