Ina Neman Shawara Kan Sauya Ƙarshen Tatsuniya a Aji

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai. Ina koyar da yara 'yan shekara takwas zuwa tara, kuma na keɓe darasi guda a kowane mako domin tatsuniya, amma wata matsala ta sha mini kai.

Ranar da na karanta musu yadda Gizo ya yaudari namun daji, ya cinye rabonsu ya tsira lafiya lau, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu, ta tambaye ni dalilin da ya sa maƙaryaci ya yi nasara alhali kullum ina ce musu ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Na rasa amsar da zan ba ta. Da mako ya zagayo sai na sauya ƙarshen labarin yadda Gizo ya sha kunya, amma wani yaro ya ce ba haka kakarsa take faɗa ba, kuma gaskiyarsa ce.

Na san 'yan'uwan nan biyu na Jamus, wato Grimm, sun yi ta gyara tatsuniyoyinsu tsakanin bugun 1812 da na 1857, har suka mai da muguwar uwa kishiyar uwa a wasu labaran. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta da taɓa abin da muka gada ba.

Ku da kuka daɗe a aji, kuna barin tatsuniya yadda take ne ku tattauna halin Gizo da yaran, ko kuwa gyarawa kuke yi? Idan tattaunawar ce, da wace tambaya kuke farawa?