C ya koma ja, an ce sai an yi wa kwamfutar fomatin

Maman Ilham, Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku agaza mini. Laftof ɗaya ce da mu a gida, HP ta hannu, Windows 10 ce a kanta, kuma kowa da ita yake aiki. Maigida yana lissafin shagonsa na Kwari, Ilham tana rubuta furojet ɗinta na shekarar ƙarshe a BUK, ƙaninta yana gwajin tambayoyin JAMB.

Kwanan nan sai ta fara fito da saƙo wai wuri ya ƙare. In na buɗe This PC, layin da ke ƙarƙashin faifan C ya zama ja, an rubuta saura 1.8 GB cikin 118 GB. Jiya da daddare Word ta ƙi ajiye gyaran da Ilham ta yi, yarinya har da hawayenta. Na zauna na goge hotuna da bidiyo masu yawa, amma jan layin nan ko gezau.

Ɗan yayata ya ce a kai masa ya yi fomatin, wato ya goge duk abin da ke ciki, komai ya dawo sabo. Abin da ya hana ni shi ne hotunan marigayiya mahaifiyata da saƙonnin muryar da take turo mini ta WhatsApp duk suna ciki, ga bidiyon bikin ƙanwata. Wayar da suke kai ta mutu tuntuni, ba ni da su a ko'ina sai nan. Me zan yi? Ni dai ba gwana ba ce, ku yi mini bayani dalla-dalla.

Abba Ɗorayi

Wa alaikumus salam Anti. Kada ki yarda a yi fomatin. Cikar wuri ba lalacewa ba ce. Abin da kika goge yana nan cikin Recycle Bin, shi ya sa ba ki ga canji ba. Kamar ki share ɗaki ne ki zuba sharar a kwando, ki bar kwandon a bayan ƙofa. Sai an zubar da shi wuri zai samu.

Injiniya Sani, Farm Centre

Hajiya, Allah ya jiƙan Mama ya sa Aljanna ce makoma. Abba ya faɗi gaskiya, amma ki dakata tukuna, kada ki zubar da Recycle Bin sai kin buɗe shi kin duba abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. In kin ga hoton da bai kamata ya tafi ba, danna masa ɓangaren dama na linzami ki zaɓi Restore, zai koma inda yake. Ina jaddada wannan ne saboda irin kwamfutarki galibi SSD ce a ciki, wato sabon nau'in faifan ajiya, shi kuwa abin da aka goge daga kwandon dawo da shi da wuya ƙwarai, ba kamar tsohon faifai mai juyawa ba.

Bayan nan, kada ki ƙara goge komai da ka. A sana'ar nan abin da na fi gani ke nan: mutum ya kwana yana goge hotuna, alhali hoto ɗaya bai wuce megabait uku ko huɗu ba, ga bidiyo ɗaya can a ɓoye ya cinye wurin hotuna dubu. A fara gano mai cin wurin. Shiga Settings, sai System, sai Storage. Ki ba ta ɗan lokaci ta gama ƙirga, za ta jero miki: manhajoji nawa suka ci, bidiyo nawa, Temporary files nawa, Other nawa. Buɗe Temporary files. A ciki za ki iya sa alama a Windows Update Cleanup, da Delivery Optimization Files, da Thumbnails, da shi Recycle Bin ɗin bayan kin duba shi, sannan ki danna Remove files. Amma ki lura da kyau, akwai layin Downloads a jerin. Kada ki sa masa alama. Yara da yawa a nan suke barin takardun makaranta, takardar shaidar biyan kuɗi, har da furojet ɗin kansa.

Shi jan layin, Windows ce ke sa shi da zarar abin da ya rage ya gaza kashi 10 cikin 100. Wato ke sai kin samar da wajen 12 GB kafin ya koma shuɗi. Sannan ki gaya mana, a This PC ɗin C kaɗai kike gani ko akwai wani a gefensa?

Ummi Fagge

Kafin komai don Allah Ilham ta tura furojet ɗin nan zuwa imel ɗinta yau ɗin nan. Fayil ɗin Word ba ya cin data. Wata ƙawata ana saura kwanaki ta kare nata laftof ɗinta ta mutu, sai da ta koma tana sake bugawa daga takardar da malaminta ya yi wa gyara da jan biro. Ban so kowa ya ga irin wannan tashin hankalin.

Khalifa Sharaɗa

Anti ki sauke manhajar share kwamfuta kawai, danna ɗaya ta gama komai. Ko ki buɗe CMD, wurin rubuta wa kwamfuta umarni, ki rubuta powercfg /h off, nan take za ki samu giga uku ko fiye.

Malam Habu, Gyaɗi-Gyaɗi

Khalifa ɗana, ban goyi bayan ko ɗaya cikin biyun ba. Waɗannan manhajojin da ke tallar kansu a intanet, wasu talla suke cika maka kwamfuta da shi, wasu su tsorata ka da cewa sun gano matsaloli ɗari-ɗari don ka biya kuɗi. Abin da suke sharewa na gaskiya, Windows na da nata kayan share shi, wanda Injiniya ya nuna.

Umarnin da ka kawo kuma yana aiki, ban musa ba. Yana cire fayil ɗin hiberfil.sys, wanda yakan kai kusan kashi 40 cikin 100 na girman ram, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta. Sai dai ka san amfaninsa? Shi ne inda kwamfuta ke zuba aikin da kake kai in batir ya kusa mutuwa, don in ka kunna ka ci gaba daga inda ka tsaya. A garin nan da ake ɗauke wuta ba sallama, ga laftof ta hannu wadda batirinta ya riga ya sha jiki, ga ɗaliba tana rubutu, ni ba zan cire shi saboda giga uku ba. Haka kuma Hajiya, duk abin da ke cikin foldar Windows, irin su System32 da WinSxS, komai girman da kika ga sun yi, ba naki ba ne, ki bar su.

Maman Ilham, Rijiyar Zaki

Alhamdulillah! Na bi yadda Injiniya ya ce. Recycle Bin 7 GB ne a ciki, Windows Update Cleanup 5 GB, sauran ƙanana. Yanzu saura 16 GB, layi ya koma shuɗi, Ilham ta ajiye aikinta ta kuma tura imel. Na gode Ummi.

Injiniya, e akwai wani an rubuta D, shi 119 GB ne kuma kusan babu komai a ciki. Ban taɓa buɗe shi ba, na ɗauka na masu gyara ne. Sannan na ga foldoji uku a kan Desktop, "waya", "waya sabo" da "wayar Abban Ilham", su kaɗai 47 GB. Duk lokacin da waya ta cika sai yaran su jona ta su kwashe komai su zuba. A cikin "waya" ɗin kayan Mama suke. Amma na ga wasu fayiloli da yawa farare, ba hoto ba bidiyo, sunansu ya fara da PTT, na danna sun ƙi buɗewa. Su ma shara ne?

Nura mai hoto, Kurna

Hajiya kada ki taɓa su! Waɗannan su ne muryoyin. WhatsApp yana ajiye saƙon murya a foldar WhatsApp Voice Notes, sunan kowanne ya fara da PTT, sai kwanan watan da aka turo shi, ƙarshensa kuma .opus. In mai kunna sauti na kwamfutar ya ƙi buɗe su, ki sa a ɗora miki VLC, kyauta ce, za ki ji su tar. Ba su da nauyi ko kaɗan, ba su ne matsalarki ba.

Inda wurinki ya tafi shi ne WhatsApp Video. Ki buɗe, za ki tarar da bidiyon guruf-guruf na shekaru: wa'azi, barkwanci, tallar atamfa, gaisuwar Juma'a. A ciki akwai wata folda mai suna Sent, wadda ke riƙe da kwafin abin da kuka tura wa wasu. To ki lissafa, in an kwashe waya ɗaya sau biyu, bidiyo ɗaya zai iya zama sau huɗu a kwamfutar. Hanya mai sauƙi: buɗe foldar, danna dama a fili, Sort by, sai Size, manya su hau sama. Ki fara da su, ki kalli kowanne kafin ki goge. In kuma kina son ganin duk manyan fayilolin da ke C gaba ɗaya, a akwatin bincike na sama ki rubuta size:>1GB. Nan fina-finai masu dogon zango da wasannin da yara suka sauke suke fitowa.

Injiniya Sani, Farm Centre

Madalla. Ashe rabin kwamfutar ma a zaune yake. Faifanki 256 GB ne, Windows na nuna shi a matsayin 238 saboda kamfanoni da dubu suke ƙirga, ita kuma da 1024, sai wanda ya ɗora Windows ya raba shi gida biyu. D naki ne, ki yi amfani da shi. Foldojin wayar nan uku, ki kwafe su zuwa D. Copy za ki yi ba Cut ba, kuma laftof na jone da caji. In an gama, danna dama a kan ta asali da kwafin, ki duba Properties, adadin fayiloli da girmansu su zo daidai, ki buɗe wasu ki gani da idonki, sannan ki goge na Desktop. Mutane da yawa ba su san duk abin da ke kan Desktop a cikin C yake zaune ba.

Don kada a koma gidan jiya, danna dama a kan foldar Downloads, Properties, Location, Move, ki nuna mata wata sabuwar folda da kika buɗe a D. Haka za ki yi wa Videos da Pictures. Sabuwar folda fa, kada ki zaɓi D ɗin kansa tsurarsa, yana rikita abubuwa.

Anti Bilki, Hotoro

Maman Ilham, ni wani abu ne ya tsaya mini a rai tun da na karanta saƙonki na farko. C da D duk faifai ɗaya ne. In ya mutu, ko ɓarawo ya ɗauke laftof ɗin, ko yaro ya kifar da shayi a kai, duka biyun sun tafi tare. Mayar da kayan Mama zuwa D ya samar miki wuri, amma bai tsare su ba. Ki ware su daban, hotunanta da muryoyinta, ki ɗora a Google Drive. Kowane asusun Gmail yana da 15 GB kyauta, kodayake shi ne dai imel da Google Photos suke ci a ciki. Na tabbata kayan Mama ba za su kai giga biyu ba, ki yi da daddare lokacin da data ta fi araha. Ki kuma tura wa 'yan uwanki, su ma ai uwarsu ce, za su yi miki addu'a. Bidiyon biki da ya yi nauyi a sa shi a faifan waje.

Kuma in har ta kai ga zuwa wurin mai gyara, ki je da kanki ko maigida ya je ya zauna a gama a gabansa. Kwamfutar gida akwai hotunan mata a cikin ɗaki ba mayafi. Masu gyara da yawa mutanen kirki ne, amma shago ba mutum ɗaya ke shiga ba.

Nura mai hoto, Kurna

Kan maganar faifan waje, a kiyayi filashin bogi. Na taɓa saya a wani shago, an rubuta 128 GB, kwamfuta ma ta nuna haka, na zuba aikin biki guda. Na farko-farko suka buɗe, sauran duk suka zama fanko, sunan fayil na nan amma babu komai a ciki. Duk filashin da kika ga girmansa ya yi yawa kuɗinsa ya yi kaɗan, ki bar shi. Akwai ƙaramar manhaja H2testw da ke cika shi ta gwada girmansa na gaskiya, a gwada tun yana sabo kafin a zuba komai. Sannan in bidiyon bikin ya haura 4 GB filashi ya ƙi karɓa alhali akwai wuri, tsarinsa FAT32 ne, sai a mayar da shi exFAT. Wannan yana goge abin da ke kan filashin, saboda haka tun yana wofi za a yi. Kuma wanda kika ajiye kayan tarihi a kai, kada Ilham ta kai shi shagon buga takardu, can ake kwaso bairos ɗin da ke mayar da foldoji shotkot.

Maman Ilham, Rijiyar Zaki

Na sa VLC, na ji muryar Mama. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya. Anti Bilki, na ware nata, yau da daddare zan ɗora in sha Allahu, ƙannena ma na sanar da su. C yanzu saura 63 GB. Tambaya ta ƙarshe Injiniya: maigida ya ce ko a haɗe C da D su zama ɗaya, a huta?

Injiniya Sani, Farm Centre

Ana yi Hajiya, amma ta hanyar Windows sai an goge D ɗin gaba ɗaya kafin a faɗaɗa C, kuma ga shi yanzu kin zuba kaya a ciki. Ki gaya wa Alhaji a bari sai Ilham ta kare furojet kuma an sayi faifan waje an kwafe komai. A lokacin sai a duba ko injin zai ɗauki Windows 11, tunda Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, a yi aikin gaba ɗaya. Kafin nan, a shafin Storage ɗin ki kunna Storage Sense ta riƙa share tarkace da kanta, amma ki shiga saitinta ki tabbatar wurin Downloads yana kan Never.