Wane mariƙi ya fi dacewa da gwangwani shida? Ina neman shawarar waɗanda suka gwada

Mai Sabon Kamfani:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfani da ke cika lemo a gwangwani mai cin mililita 330, siririn nan mai faɗin milimita 58, ba gajeren da aka saba gani mai milimita 66 ba. Zuwa yanzu ɗai-ɗai muke sayarwa ko katan mai 24, amma 'yan sari sun matsa mini cewa suna son ɗaurin shida-shida wanda mai saye zai ɗauka da hannu ɗaya. Ba ni da injin ɗauri, ma'aikata huɗu ne za su riƙa yin aikin da hannu, kuma yawancin kayan a firji suke kwana kafin a sayar. An kawo mini samfuri uku: mariƙin roba mai tauri da ake dannawa a kan bakunan gwangwanayen, mariƙin kwali da ke kama su ta wuya, da leda mai tsukewa idan ta ji zafi. Dole in ba da oda kafin ƙarshen wata, don haka ina roƙon wanda ya taɓa amfani da ɗaya daga cikin ukun, musamman a kan siririn gwangwani, ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Mai Bin Labarai:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. A ganina duk ukun sun zama tsohon yayi. Tun a 2018 kamfanin Carlsberg na ƙasar Denmark ya fara liƙa gwangwanayensa da ɗigon gam, kowane ɗaya yana manne da na kusa da shi, sai ɗan siririn mariƙi a sama, kuma idan mutum zai sha sai ya ɓalle ɗaya kawai. Da ni ne ke, wannan zan nema.

Tsohon Injiniya:
Malam, ta rubuta a fili cewa ba ta da inji, wannan gam ɗin kuwa inji ne ke ɗiga shi a daidai wuri da daidai zafi bayan ya juya kowane gwangwani ya daidaita fuskarsa. Ba aikin hannu ba ne. Hajiya, abin da zan ja hankalinki a kai shi ne awo. Mariƙin roba da na kwali duk ba jikin gwangwani suke kamawa ba, ƙarƙashin leɓen murfi suke shiga, kuma murfin da ya fi yawa a kasuwa shi ne wanda masu sana'ar ke kira 202, mai faɗin kusan milimita 52, wanda akan same shi a kan gajeren gwangwani da siririn duka. Saboda haka mariƙin da aka yi domin mai milimita 66 zai iya shiga bakin naki daram, ki ɗauka komai ya yi, alhali tazarar da ke tsakanin ramukansa ta yi wa jikin gwangwaninki faɗi. Idan aka ɗaga, sai gindinsu ya riƙa lilo suna bugun juna. Ki cika shida, ki danna samfurin da aka ba ki, ki yi tafiya da shi kina kaɗa hannu. Nauyin ya ɗan haura kilo biyu, kuma yatsu biyu ne za su ɗauke shi.

Mai Tabon Kwali:
Hajiya, ki guji kwali kamar yadda za ki guji wuta. Ni ganau ne, ba jiyau ba. Shekara uku da suka wuce na ba wani kamfanin buga kwali odar guda dubu arba'in, irin wanda ke naɗe gwangwani shida gaba ɗaya a liƙe shi da gam ta ƙasa. Samfurin da suka kawo mini abin sha'awa ne, launi ya fita, rubutu ya zauna, har na ɗaga shi na girgiza a ofishinsu bai ko motsa ba. Abin da ban sani ba a lokacin, kuma ba wanda ya gaya mini, shi ne kwalin lemo daban yake da kwalin sabulu ko na magani, domin na lemo ana haɗa shi da wani sinadari da ke hana shi saki idan ya jiƙe. Nawa ba shi da wannan, saboda mafi araha na zaɓa a cikin farashi biyu da suka ba ni, su kuma suka yi shiru.

Makon farko ba a ji komai ba. A mako na biyu masu sayarwa suka fara kira. Da zarar an fito da ɗaurin daga firji sai gwangwani ya fara gumi, kwalin ya shanye gumin, kafin mai saye ya kai ƙofa ramukan yatsu sun yage ko gindin ya buɗe, gwangwani shida su watse a ƙasa. Akwai wadda ɗaya ya faɗo mata a yatsan ƙafa, ni na biya kuɗin magani. Da na koma wurin masu kwalin, sai suka buɗe mini takardar odar suka nuna mini inda na sa hannu a kan nauyin takarda da launi, babu inda aka ambaci ruwa ko sanyi. Har yau ragowar yana jibge a sito, ban iya amfani da shi ba, ban kuma iya zubarwa ba don baƙin ciki.

Mai Sabon Kamfani:
Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji. Sai dai wanda aka kawo mini ba mai naɗewa ba ne, ɗan ƙaramin da ke zama a sama ne kawai. Shin shi ma yana shan gumin?

Mai Tabon Kwali:
Kwali duk kwali ne, Hajiya. Kuma ban ma gama ba. Da kayan suka dawo mini, na jera su a sito ban bincika ba, ashe a cikin waɗanda suka faɗi akwai masu ɗan ƙaramin huji da ido ba ya gani. Lemo yana da tsami, idan ya zubo a kan na ƙasa da shi sai ya riƙa cin alminiyam ɗin ta waje, inda ba shi da irin shafen da ke kare shi ta ciki, shi ma ya huje ya zubo wa na ƙasa. Bayan wata ɗaya na tarar da jeri guda ya lalace daga sama har ƙasa, ƙudaje sun cika sito.

Tsohon Injiniya:
Maganar yoyon da ke yaɗuwa gaskiya ce, kuma shi ya sa ake cire jiƙaƙƙen kaya daga jeri nan take. Amma cewa kwali duk kwali ne kuskure ne. Kamfanonin da ke cika Coca-Cola a Turai sun koma mariƙin kwali irin su KeelClip da CanCollar tun wajen 2020, kuma kayansu ma firji suke shiga. Ƙarfin takardar ne ya bambanta. Alhaji ya sayi abin da ba a yi domin sanyi ba, wannan ba laifin ƙirar ba ne.

Akawun Sito:
Ba wanda ya taɓo kuɗi, alhali shi ne zai yanke hukunci. A inda nake aiki mun lissafa, ɗaurin kwali ya kusan ninka na leda sau biyu, don haka muka tsaya a kan leda.

Ɗan Sari:
Sau biyu kuma? Ni wanda nake saye a wurinsa ya ce mini kwali da leda kusan kunnen doki suke, mariƙin roba mai taurin nan ne ya ninka su sau uku.

Uwar Gida Mai Sana'a:
Ni kuwa robar ta fi mini araha a kan kwali, domin robar a shirye ake sayar da ita, ko katan ɗaya kake so za a ba ka, shi kuwa kwali sai na biya kuɗin ƙera wuƙar yanka da farantin bugu kafin a fitar da ko guda ɗaya. Idan aka raba wannan kuɗin a kan ƙaramar oda, kwali ya fi komai tsada. Kuma yarana biyu suna danna robar da hannu ba tare da wata na'ura ba, sai dai tafin hannu yana ciwo idan aikin ya yi yawa, shi ya sa muka samo ɗan katako da ake dannawa da shi. Akawu bai sa kuɗin wuta a lissafinsa ba, ita leda ai sai ta ratsa ta cikin injin zafi kafin ta tsuke. Na gwada yi da bindigar zafi ta hannu, wani gefen ya ƙone, wani ya yi sako-sako.

Ɗalibar Muhalli:
Ina roƙon iyayena da yayyena a nan su duba abin da ke faruwa bayan an shanye lemon. Zoben roba mai laushin nan na ɗaure gwangwani shida da aka fara amfani da shi a Amurka a farkon shekarun 1960 ya daɗe yana shaƙe tsuntsaye da dabbobin ruwa. A 1993 an tsinci wani kunkuru a jihar Missouri wanda ya shiga zoben tun yana ƙarami, ya girma a ciki har ƙoƙon bayansa ya tsuke a tsakiya kamar kwanson gyaɗa, aka sa masa suna Peanut, wato gyaɗa da Turanci. Tun 1994 dokar Amurka ta wajabta a yi zoben da roba mai rugujewa, ƙasar Kanada kuma ta sa shi cikin jerin robobin da ta haramta a dokarta ta 2022. Rugujewar ma a hasken rana take faruwa, kuma gutsuttsura kawai robar ke yi, ba ɓacewa take ba.

Ɗan Sari:
'Yata, Allah ya ba kunkuru lafiya, amma Hajiya ba ta ambaci zobe ba ko sau ɗaya. Idan aka bi ta taku, kowa zai zo kanti da bokitinsa.

Mai Bin Labarai:
Bokitin ma na roba ne, sai dai a zo da ƙwarya.

Mai Karɓar Kuɗi:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ce nake zaune a wurin biya kullum. Duk mariƙin da ke zama a sama kawai yana barin jikin gwangwani a buɗe, kuma kowane gwangwani yana ɗauke da lambarsa mai zane-zane da na'ura ke karantawa. Sau da dama na'urar takan karanta lambar guda ɗaya, mutum ya fita da shida a kuɗin ɗaya, da yamma a cire gibin daga albashina. Hajiya, idan mariƙin sama za ki ɗauka, ki sa ma'aikatanki su juya lambobin su kalli ciki, ki kuma liƙa lambar ɗaurin a sama inda ido zai fara sauka. Leda mai zane da kwali mai naɗewa ba su da wannan matsalar tunda sun rufe jikin.

Mai Tabon Kwali:
Duk wanda bai taɓa asarar kuɗinsa a wannan harka ba, bai kamata ya ba da shawara ba. Injiniya albashi ya ci har ya yi ritaya, idan kwali ya yage ba aljihunsa ke kuka ba.

Tsohon Injiniya:
Alhaji, shekara ashirin da shida na yi a gaban layin cika gwangwani, kuma da ka kawo mini samfurin nan kafin ka sa hannu, da na ce ka sa shi a firji ya kwana, ka fito da shi ya yi rabin awa a waje, sannan ka ɗaga. Asara tana koya wa mutum abin da ya same shi ne kaɗai, ba ta koya masa abin da ya sami wasu.

Ɗan Sari:
Ku duka biyun a cikin gini kuke. Mu da muke sauke kaya daga mota mu muka san ɗaurin da ke isowa da rai. Mariƙin sama, na roba ne ko na kwali, ba ya kare jikin gwangwani ko kaɗan, don haka dole a jera ɗauri huɗu a kan tiren kwali a naɗe da leda kafin a ɗora a mota, wato ledar da ake gudu ta dawo ta bayan gida. Abin da ke ci mini rai ma ba wannan ba ne. Idan na buɗe kaya na tarar goma sun lotse, kamfani ya ce lafiya ƙalau suka bar ƙofarsa, direba ya ce haka aka loda masa, ni kuma ba mai sayen lotsattsen gwangwani a hannuna ko da abin da ke ciki bai taɓu ba.

Direban Dogon Zango:
Na san za a zo kanmu. Yallaɓai, ni ba na loda kaya, ba na kuma ɗaure su, mota kawai nake ja. Sau nawa nake cewa jerin ya yi tsawo, a ce mini in ja bakina in yi shiru domin ana son a cika mota a tafiya ɗaya? Gwangwani yana da ƙarfi idan nauyi ya sauka a kansa daga sama a miƙe, amma da zarar jeri ya karkata a kwana, gefensa ba shi da kaurin da zai jure. Ranar da aka cire mini kuɗin katan bakwai daga ladana, ko takardar da ke nuna yadda aka karɓi kayan ba a ba ni na gani ba.

Akawun Sito:
Takardar tana nan, direbobi ne ba sa tsayawa a ƙirga a gabansu, kowa yana sauri ya juya.

Mai Sabon Kamfani:
Na gode muku duka. Na sa samfuran uku a firji kamar yadda Baba Injiniya ya ce, gobe zan fito da su. Har yanzu dai ban ji daga wanda ya gwada mariƙin kwali na sama a kan siririn gwangwani ba, kuma kwana tara suka rage mini.

Direban Dogon Zango:
Malam Akawu, ranar da na tsaya a ƙirga, awa biyar na yi a bakin sito kafin a samo mai riƙe da makulli, kuma ba wanda ya biya ni wannan zaman. Ka faɗa mini sunan wanda zai sa hannu idan na iso da ƙarfe biyun dare.