Neman shawara: kushin mai iska zai taimaki ɗana ya natsu a aji?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana shekararsa 8, yana aji 3 a wata firamare mai zaman kanta a Unguwar Rimi. Tun yana nazare ake kiranmu makaranta: ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana lilo da kujera a kan ƙafa biyu, har ya taɓa faɗuwa ya fasa leɓe. Littafinsa kuwa, layi biyu zai rubuta ya bar sauran shafin fari fat. Babu irin faɗan da ba mu yi ba. Bara muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, likita ya ce ADHD ne, wato larurar rashin natsuwa da yawan motsi. Na yi kuka ranar, amma raina ya yi sanyi da na gane ba tarbiyya ce muka gaza ba.

Yanzu ƙanwata ta turo mini hoton wani kushin na roba, zagaye kamar faifai, ana hura masa iska, gefe ɗaya da 'yan ƙuraje. Wai yaro zai riƙa ɗan motsi a kai ba sai ya miƙe ba. Akwai wanda ya gwada? Kuma yaya zan tunkari malamarsa kada ta ga kamar zan koya mata aiki?

Wata malamar firamare, Tudun Wada:
Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Na taɓa samun ɗalibi da iyayensa suka kawo irinsa. Makon farko kam ajin ya hargitse, kowa yana son ya ɗana, wani ma ya ɗauka ya buga kamar ƙwallo. Sai na bari kowa ya hau sau ɗaya, aka huta. Daga nan yaron ya rage tashi sosai lokacin rubutu. Amma ki duba: in benci suke zama su uku-uku, ba zai yi ba, don motsinsa zai dami na kusa da shi. Sai kujerarsa shi kaɗai. Kada a cika iska ya yi tauri, a bar shi da laushi, kuma lallai tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa. Ni ba na bari ya wuni a kai, sai lokacin aikin da ke buƙatar natsuwa. Malamar kuwa, ki same ta bayan an tashi, ba a gaban yara ba, ki ce shawararta kike nema.

Wani uba, Rigasa:
Hajiya, kafin ki kashe kuɗi ki je wurin mai faci ki karɓi tsohon tib na babur, a yanka a ɗaure tsakanin ƙafafun kujera na gaba. Nawa yaron da shi yake wasa da ƙafa yana rubutu. Kushin mun saya, wata guda ya gaji da shi.

Wata ma'aikaciyar lafiya, Malali:
Anti, gaskiya binciken da aka yi kan irin wannan kushin da yara kaɗan aka yi shi, sakamakon kuma ya sha bamban: wasu yara ya taimake su, wasu babu canji. Ba magani ba ne. In likita ya ɗora shi kan magani irin methylphenidate, kada ki dakatar saboda kushin. Ki gwada da lissafi: malama ta ƙirga sau nawa yake tashi da yawan aikin da ya gama, mako biyu babu kushin, mako biyu da shi. Zama shiru ba shi ne koyo ba, littafin za ki duba. A matso da yaron gaba, nesa da taga, a riƙa aikensa goge allo ko raba littattafai. Ga sauran iyaye kuma, ba kowace ƙiriniya ce ADHD ba. Sai alamun sun kai wata 6, sun bayyana kafin shekara 12, kuma a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta. A duba ido da kunne ma.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Kujera ɗaiɗai suke zama, alhamdulillahi. Zan fara da tib ɗin da ƙirgen, ranar Litinin zan ga malamar. Saura Islamiyya, can a kan tabarma suke zama awa biyu. Wa ke da dabara?