Wi-Fi ya ƙi hawa bene a gidan kwanan ɗalibai

Aminu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kawuna ya gina gidan kwanan ɗalibai a Samaru, bene mai hawa biyu, ɗaki 12 a kowane hawa har da ƙasa. Mun kafa intanet na Starlink, rauta mai raba Wi-Fi tana ofis a ƙasa. 'Yan sama sai sun fito baranda suke samun sabis. Wani ya ce in sayo rauta mai eriya takwas. Ya kuka gani?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Kar ka ɓata wa Kawu kuɗi. Ko rautar ta kai saƙo sama, wayar ɗalibi ba ta da ƙarfin mayar da amsa ta cikin dekin biyu masu rodi. Za ka ga sanda uku a waya, shafi kuwa ya ƙi buɗewa. Ja kebul zuwa kowane hawa ka sa AP, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi daga kebul, a jikin silin. AP samfurin TP-Link Omada ta ishe ka, in aljihu da nauyi kuma samfurin UniFi.

Aminu: Ranka ya daɗe, rifita fa, mai karɓar Wi-Fi ta sake watsawa ba da kebul ba? Kawu ba ya son a fasa bango.

Injiniya Bala: Rifita mai rediyo ɗaya kusan rabin gudun take cinyewa. Bi da kebul ɗin ta cikin bututun roba a kan bango.

Hadiza: Malam Aminu, ƙofofin na katako ne ko na ƙarfe?

Aminu: Ƙarfe ne duka.

Hadiza: To ka yi hattara da sa AP a tsakiyar layin ɗakuna kawai. Na taɓa yin aiki a wani otal a Kaduna, mun auna ƙofofi a buɗe, komai lafiya lau. Baƙi na shiga suka rufe ƙofa, sai ƙorafi. Kafin ka huda ko'ina, ɗaura AP ɗaya a kan tsani, ka shiga ɗakin ƙarshe ka kulle, ka zauna a kan gado da manhajar WiFiman ta auna ƙarfin sabis. In ƙarfin sabis da ta nuna ya fi -67 dBm muni, matso da AP ɗin. Da zangon Wi-Fi na 5GHz za ka auna, ba na 2.4GHz ba, shi bango ya fi kashewa.

Musa Sabon Gari: Kebul kuma ka kankare wayar ciki da wuƙa kafin ka biya. In ka ga fari a ƙarƙashin jan, alminiyum ne aka shafa wa tagulla, PoE, wato tura wa AP wuta ta cikin kebul ɗin, ba ya jimawa a kansa. Ni sai da na sake jan kwali biyu daga aljihuna. Kuma kar layi ɗaya ya wuce mita 100.

Injiniya Bala: A 2.4GHz raba wa AP ɗin tasha 1, 6 da 11, ka rage ƙarfinsu don kar su dinga taka juna. Siwic ɗin PoE, akwatin da ke ba AP ɗin wuta da intanet, ka ɗora shi kan inbata, in an ɗauke wuta duka suna nan.

Aminu: Allah ya saka da alheri. Hajiya Hadiza, Asabar zan ari tsani in auna, zan turo muku lambobin ɗaki-ɗaki.